Mai Karanta Min Mita

Shekara talatin da ɗaya ina naɗin waya, kuma duk tsawon shekarun nan ban taɓa karanta mitar awon wuta da idona ba alhali hannuna na kan wuta. Ba lalaci ba ne, ba kuma rashin iya karatu ba. Haka aka koya mana. Maigidan da ya koya mana sana'a yatsunsa takwas ne. Sauran biyun ya bar su a cikin wani injin niƙa ranar da ya waiwaya ya dubi allurar mita, hannunsa ya goce. Tun daga ranar ya kafa doka a shagonsa: wanda ya riƙe bakin waya idonsa na kan hannunsa, mita kuma a rataye take a ƙusa a bayansa, wani daban ne zai karanta ya faɗa da ƙarfi. Ko batirin tocila za ka auna, haka za ka yi. In ya kama ka kana waiwaye, da filaya yake ƙwanƙwasa maka kai.

Ni ne mai riƙewa, Auta mai karantawa. Tare muka koyi aikin, a can ma na fara ganin yayarsa tana kawo masa abinci, na yi ta ƙirƙiro dalilin tsayawa a bakin ƙofa har na aure ta. Da muka buɗe namu shagon, ƙusar mita muka fara bugawa kafin teburi. In Auta ya ce “babu wuta,” ina sa hannu ba tare da na yi tunani ba, kamar yadda mutum yake taka ƙasa in ya sauko daga gado.

Shagon ɗaki biyu ne. A na gaba muke karɓar fankoki da injinan ruwa da duk abin da ya ƙone, mu warware tsohuwar waya mu naɗa sabuwa. Na baya kuwa wurin tarkace ne, rufinsa na kwano yana da huda kamar faɗin tafin hannu. Da tsakar rana haske yakan sauko ta nan ya tsaya a kan benci kusan awa guda.

Abin da nake tunani a kai ba wani dogon abu ba ne. Wani yagaggen littafin kimiyya da aka naɗo mana kayan gyara a cikin takardunsa, shi ya fara gaya min cewa haske ƙwayoyi ne 'yan mitsi-mitsi, ana ce musu foton, wutar da ke bin waya kuma wasu ƙwayoyi ne daban, sunansu elektron. Littafin ya nuna ba abu ɗaya ba ne. Ni kuwa na ce ban yarda ba, ko wa ya rubuta. Kullum ina ganin wuta ta shiga ƙwan fitila ta fito haske. In ba abu ɗaya ba ne, ina hasken yake ɓoye kafin ya fito? Abin da hankalina ya ba ni shi ne, elektron foton ne da aka ɗaure, yana ta zagaye wuri ɗaya kamar akuya a turke, in ya ji zafi ya tsinke igiya ya fita. To in haka ne, ai za a iya juya abin. A kama hasken rana a sa shi zagaye har ya manta hanyar fita, ya zama wuta. Ba faifan sola, ba batir, ba inji. Waya kawai, da mutumin da ya iya naɗi, naɗi kuwa ban ga wanda zai nuna min shi ba.

Matata ta sha jin wannan maganar har ta haddace ta. Takan ce, “In ka kama shi, ka fara kawo min kicin.”

Da ta rasu na yi wata biyu ban taɓa inji ba. Nakan zo shago in wuce ɗakin baya in zauna, Auta ya kawo abinci ya ajiye, ya dawo ya ɗauke shi yadda ya kawo. Wata rana ina kallon hasken nan a kan benci, sai na jawo wayar jan ƙarfe na yi naɗi a kan guntun bututu, ɗari hagu, ɗari dama. Na ajiye a cikin hasken, na ce wa Auta ya kawo mita. Ya buga ƙusa a bangon da ke bayana ya rataye ta. Na ɗora bakin waya biyu, idona a kan hannuna. Na jira ya karanta.

“Yaya,” ya ce, “ta motsa.”

“Nawa?”

“Rabin layi.”

Ranar na cinye abincin har na tambaya ko da saura.

Shekara goma sha ɗaya ke nan. Duk ranar da babu hadari, da tsakar rana, sai mu bar aikin mutane mu shiga baya. Ina canza yawan naɗi, ina canza kaurin waya, ina gwada bututun roba da na katako da na kwalba. Wanda ya ba da lamba mai kyau in ajiye, wanda ya gaza in warware shi in mai da wayar. Littattafai bakwai na cika da hannuna: kwanan wata, yawan naɗi, yanayin sama, abin da Auta ya karanta. A gefen kowane layi kuma nakan rubuta abin da ya faru a ranar, don ban san me ke shafar haske ba, gara in rubuta komai. Daga rabin layi muka hau ɗaya, biyu, uku, har huɗu da rabi. A lissafina in muka kai goma, ƙaramin ƙwan fitila zai kama.

Kada a ɗauka ban taɓa gwadawa ni kaɗai ba. Sau ɗaya Auta ya yi tafiya, na matse bakin wayar da abin shanya, na juya na duba. Allura tana kwance kamar gawa. Kwana biyu na yi ba ni da sukuni. Da ya dawo na gaya masa, ko gezau bai yi ba. Ya ce, “Ai da ka juya inuwarka ta faɗa a kai, Yaya. Kuma abin shanya ba hannu ba ne.” Bayan 'yan makonni na ji wani shiri a rediyo ana cewa masu ilmi sun gano foton yana canza hali in ana kallonsa. Na yi murna har na kasa zama. Na rubuta shafi shida a kan cewa jikin mai riƙewa yana cikin zagayen, in ya waiwaya ya karya shi. Yanzu in na tuna shafi shidan nan, ji nake kamar in nutse a ƙasa.

Layinmu duk an san da aikin. Mai facin taya da ke jikinmu Farfesa yake kirana, in na fito daga baya ya ce, “Farfesa, yau nawa aka kama?” In gaya masa, ya jinjina kai. 'Yata, wadda nake kira Uwata, duk sanda ta bugo waya daga garin da take aure sai ta tambayi lambar ranar kafin ta tambayi ciwon ƙafata. Sau uku na rubuta wa kwalejin fasaha takarda ina neman su turo wanda zai gani. Auta ne yake kai min, don ya fi ni sanin ofisoshi. Ba a taɓa amsawa ba, na ce dama masu digiri ba sa son a ce mai naɗin fanka ya riga su.

Ranar da abin ya fashe, haƙori ne ya tasa Auta a gaba, ya tafi asibiti tun da safe. Wajen ƙarfe sha ɗaya da rabi wata mata ta shigo da fankar tebur da ta ƙone. Ina duba fankar muna hira, ta ce kimiyya take koyarwa a sakandaren da ke ƙarshen titi. Na ajiye sukurdireba. Shekara goma sha ɗaya ina aika takarda, ga shi Allah ya kawo min mai ilmin da ƙafarta.

Na yi mata bayanin akuya da turke. Ba ta yi dariya ba, wannan kam zan ba ta. Ta ce akwai waɗanda suka taɓa kawo tunani mai kama da haka, sai dai gwaji ne yake raba gardama. Na ce ai gwajin yana ɗakin baya, kuma rana ta kusa tsayawa.

Na nuna mata inda za ta tsaya da layin da za ta duba. Na ɗora hannu a kan naɗin da ya fi kowanne, mai huɗu da rabi. Na jira.

“Baba, allurar ba ta tashi ba.”

“Layin ƙasa za ki duba, Malama.”

“Shi nake dubawa.”

Ta murɗa mitar zuwa mafi ƙanƙantar awo, na sake ɗorawa. Babu. Na ce ko mitar ce ta lalace. Ta ciro batir daga agogon bango ta ɗora, ta ce in juyo in gani, allura ta miƙe tsaf. Muka gwada naɗi na biyu da na uku har hasken ya fara zamewa daga benci. Daga nan ta nemi ganin littattafan. Ta buɗa na farko, ta buɗa na biyar, tana bin layukan da yatsa.

“Wa yake karanta maka?”

“Ƙanen matata. Shekara talatin da ɗaya muna tare.”

Ta rufe littafin a hankali ta ajiye. Ta ce za ta dawo karɓar fanka jibi, ta yi min sallama da ladabi ta fita. Da ta zage ni da ya fi min sauƙi.

Da farko ita na zarga. Na ce ita ma irinsu ce, ta ga abu ta danne. Na ɗauko littattafan don in nuna wa kaina gaskiyata, na fara daga shafin farko, ina karanta lamba ina karanta abin da na rubuta a gefe. Ban kai rabin littafi na biyu ba na ga abin da Malama ta gani. Ranar da muka tashi daga ɗaya zuwa biyu, a gefe na rubuta, “Yau shekara guda da rasuwarta.” Uku ta zo washegarin ranar da aka kai Uwata gidan mijinta. Uku da rabi, satin da likita ya ce sukari ya kama ni. Huɗu, ranar da aka binne maigidanmu. A watannin da nake lafiya ina ci ina dariya, lamba takan tsaya wuri ɗaya ko ta ɗan sauka, komai kyan naɗin. Na yi shekara goma sha ɗaya ina tsammanin ina auna hasken rana, ashe fuskata Auta yake aunawa.

Duk da haka ban yarda ba, don zuciya ba ta sakin abu da sauƙi. Na juya allon da naɗin yake kai, na sa almakashin waya na datse shi ta ƙasa inda ba a gani, na mayar yadda yake.

Washegari Auta ya zo da kumburarren kunci. Ya dube ni ya ce, “Yaya, lafiya? Ko ƙafar ce?” Na ce ba komai. Da rana ta tsaya muka shiga baya, na ɗora bakin waya a kan naɗin da na datse, idona a kan hannuna kamar kullum.

“Huɗu da rabi,” ya ce. Ya ɗan dakata. “A'a, tsaya. Yaya, ta kusa taɓa biyar.”

Ya ga raina a ɓace, shi ne ya ƙara min rabin layi.

Na ajiye bakin wayar, na juya allon na ɗaga masa guntayen biyu suna lilo. Ya dube su, ya dube ni, ya nemi kan wani tsohon inji ya zauna.

“Tun yaushe?” na ce.

“Tun ranar farko.”

“Ko sau ɗaya ba ta taɓa motsawa ba?”

Ya sunkuyar da kai. “Daga baya ma na daina dubawa sosai.”

Wannan maganar ita ta fi komai ƙona min rai, har yanzu kuma ita ce.

“Yaya, wata biyu ba ka ci abinci ba,” ya ce, maganar tana fita da ƙyar saboda haƙorin. “Wandonka da igiya kake ɗaure shi. Yayata kuma kafin ta cika ta ce in kula da kai. Sau ɗaya na yi niyyar yi, wallahi. Da na ga ka ci, washegari na kasa cewa babu.”

“Washegari ka kasa. Shekara goma sha ɗaya fa?”

Ya dafe kuncinsa.

“Takardun kwaleji fa?” na ce.

Ya tashi ya je gaba, ya jawo aljihun teburinsa, ya dawo da su su uku, ko buɗe su ba a yi ba. Ya ce tsoro ya ji kada su zo su yi min dariya a gaban mutane.

“Wa ya sani bayan kai?”

Idonsa ya tafi wajen bangon da ya raba mu da mai facin taya. Na ɗauki waya a gabansa na kira Uwata. Ko gaisuwa ban bari ta gama ba.

“Kin san kawunki ƙarya yake min a kan mita?”

Na ji numfashinta. “Baba, ai kana jin daɗin abin ne. Mun ga ba ya cutar da kowa.”

Mun ga. Wato har zama aka yi a kaina aka yanke shawara, kamar yadda ake yi a kan tsohon da ya fara rikicewa. Duk sanda ta tambaye ni lambar ranar, ta san daga bakin kawunta ta fito, ni kuma ina ta washe baki ina gaya mata har da rabi. Na kashe wayar.

Mutane suna tsammanin abin da ya dame ni shi ne hasken bai ɗauru ba. Ba shi ba ne. Ni mai gyara ne, na saba da abin da bai yi ba. Inji ya ƙi tashi, ka warware ka sake, ba ka zubar da hawaye. Da Auta ya ce min babu tun ranar farko, da na gwada wata hanya, ko in bar abin in nemi wani. Da ya ce min babu sau dubu, da yau ina da sani dubu a hannuna. Abin da nake da shi yanzu littattafai bakwai ne da babu lamba ɗaya ta gaskiya a cikinsu. Naɗi ɗari uku da wani abu na warware da hannuna saboda ya ba su lamba ƙasa, ranakun da ya ga ina cikin walwala ba na bukatar ƙari. Malama za ta ce duk cikinsu babu wanda zai motsa allura, wataƙila kuma gaskiyarta. Amma ba wanda ya duba. Ba a kayar da ni ba, ba a kuma ba ni gaskiya ba, an dai zaunar da ni a ɗakin baya an ba ni abin wasa.

Na gaya wa Auta haka, da wasu maganganun da ba zan maimaita ba. Bai kare kansa ba. Ya ce in yafe masa, na ce ban iya ba tukuna, kuma ban san ranar da zan iya ba. Kwana uku muna aiki a ɗaki ɗaya, ba abin da ke haɗa mu sai “miƙo filaya.” Mai facin taya ya daina ce min Farfesa, wannan ma wani cin fuskar ne. Malama ta zo ta karɓi fankarta, ta yaba aikin, ba ta dubi ƙofar baya ba.

Rana ta huɗu aka kira mu gidan ƙanƙara, babban injinsu ya tsaya, kaya suna narkewa. Irin wannan aiki ba na mutum ɗaya ba ne, wutar da ke cikin akwatin nan in ta kama ka ba ta saki. Muka tafi tare. Mai wurin ya ce ya kashe babban makunni, amma maganar mai wuri ba a aiki da ita, sai an auna. Auta ya sami wata ƙusa a bango ya rataye mita a bayana. Na buɗe akwatin, na ɗora bakin waya a kan layi na farko.

“Babu wuta, Yaya.”

Muryar nan ce, wadda na sa hannu a kanta sau dubbai, wadda ta sa har yau yatsuna goma cif. Abin da ya rage in matsa zuwa layi na biyu. Hannuna ya ƙi. Na ce wa hannun ya matsa, ya ƙi. Ina jin ruwan ƙanƙara yana ɗiga a ƙasa, mai wurin yana tsaye yana jira.

Sai na waiwaya.

Allura tana kwance. Gaskiya ya faɗa, babu wuta. Amma kafin idona ya kai kan mitar sai da ya bi ta kan fuskarsa, ya kuma ga na duba. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta faɗa haka ba, ko ranar da muka binne yayarsa.

Na juya na ɗora bakin waya a kan layi na biyu, na jira ya faɗa. Bai faɗa ba. Sai jin takunsa na yi. Ya ciro mitar daga ƙusa, ya zagayo ya ajiye ta a kan akwatin, daidai gaban idona, ya gyara mata zama don kada ta zame. Daga nan ya koma bakin ƙofa ya tsaya, hannayensa a baya.

Na karanta da kaina, babu wuta. Na sa hannu na fara kwance ƙusoshin, ban ce masa ya dawo ba.